Lalitar da Ba Ta Ɗaukar Magana

Ni mutum ne mai saurin baki, ba sai an gaya mini ba. 'Yan ajin da nake koyarwa a nan unguwar Kara-Kara ta Zinder sun sani, matata ta sani, mutanen garinmu Hamdara da muke gurup ɗaya da su a waya sun fi kowa sani. Idan magana ta taso mini sai ta fita, daga baya in zauna ina auna ta. Na daɗe ina kiran wannan hali gaskiya da rashin tsoro, har sai da ya raba ni da wana.

Yaya ya girme ni da shekara takwas. Ni aka kai lakwal, wato makarantar boko, shi ya tsaya gona, da rani kuma ya yi awon hatsi da gyaɗa. Duk ranar Alhamis yakan hau motar kasuwa da buhunansa ya shigo Zinder. Kowane mai awo yana ba da gyara idan an roƙa, wato ɗan ƙarin nan da ake zuba wa mai saye bayan an cika masa tiya. Shi Yaya ba a roƙonsa, kuma ba ya haɗa ta da awon. Zai cika tiya ya juye, ya bar mutum ya fara ɗaure bakin buhu, sannan ya ce, "Tsaya." Sai ya sa hannu ya ɗebo ya ƙara. Ko a gida haka yake. Idan zan koma lakwal bayan hutu, zai ba ni guzuri a ƙofar gida, mu yi sallama, har in shiga mota in zauna, sai in ga hannunsa ta taga da wani ɗan silalla.

Abin yana ba ni haushi, don ni a lokacin na fara jin kaina da lissafi. Wata rana na ce masa, "Yaya, wai me zai hana ka haɗa su gaba ɗaya, ka hutar da kanka ka hutar da mutane?"

Ya yi dariya ya ce, "Na farkon naka ne, dole in ba ka. Na biyun shi ne nawa."

Da damina biyu suka zo a jere ba su yi kyau ba, sai ya bi samarin garinmu ya yi arewa. Daga Agadez ya tsallaka Aljeriya, ya kama aikin gini. Yana kira duk Juma'a bayan an sauko masallaci, a miƙa wa Inna waya ta riƙe ta da hannu biyu tana ɗaga murya, wai ƙasar da nisa. Haka aka yi shekara uku, sannan Baba ya kwanta ciwo, kwana tara ya rasu. Yaya bai zo ba. Ranar sadakar uku ya kira, na ɗauki wayar na zagaya bayan rumbu. Ya fara ce mini ba shi da takardu, idan ya fito ba lalle ya iso ba, idan ya iso ba lalle ya koma ba. Ban bari ya ƙarasa ba. Na ce masa da 'ya'yan maƙwabta na ɗauki makarar Baba, tunda haka ne ya riƙe kiransa, ba mu da buƙata. Sai ya ce, "To."

Wannan "to" ɗin shi ne abin ƙarshe da na ji daga bakinsa. Da fushina ya huce bayan wata guda na nemi lambar, ba ta shiga. Na yi ta nema har kamfanin waya ya daina ce mini a kashe take, ya koma cewa babu ita. Ban gaya wa Inna abin da na faɗa masa ba. Duk lokacin da na je Hamdara, bayan gaisuwa, bayan ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, sai ta kalli gefe ta ce, "Ba labari?" In ce babu. Shekara shida muna wannan tambaya da amsa, idonta na raguwa, kuma na san abin da take so bai wuce ta san yana raye ba kafin ta bi Baba.

To, sai injin famfon garinmu ya mutu. Inna ce mai riƙe da makullin famfon, ita mata suka naɗa tun da aka haƙa shi, don ba wadda ke iya yi mata gardamar layi. Da injin ya tsaya, mata suka koma tsohuwar rijiya mai nisa, maganar kuma ta faɗo gurup ɗinmu na 'yan gari. Gurup ne mai hayaniya: akwai malamai irina, akwai 'yan kasuwa a Kano, akwai masu aikin ƙarfi a Libiya da Aljeriya, akwai wani tsohon ma'aikacin gidan waya da ba ya rubutu sai saƙon murya mai tsawon huɗuba. Kowa ya yarda a haɗa gudummawa a sayi sabon inji. Matsalar ita ce yadda na waje za su aiko. Mai takardu zai je gishe, wato tagar ofishin aika kuɗi, ya aika da sunansa. Marar takardu kuwa sai ya jira mai zuwa gida, kuma mai zuwa gida ba kullum yake isowa da abin da aka ba shi ba, hanya ce mai tsawo.

A nan ne abokina mai shagon waya ya sako maganar kirifto. Tun ajin farko muke tare da shi, yanzu yana da shago kusa da tasha, kuma duk wani sabon abu da ya fito a duniya sai ya fara gwada shi a kanmu. Ya ce akwai kuɗin da ke tafiya daga waya zuwa waya ba gishe, ba takarda, ba wanda zai tambaye ka daga ina kake. Ana ajiye su a wata manhaja, shi ya raɗa mata suna lalita, sunan kuma ya bi ta. Kowace lalita tana da adires, wani dogon layi na haruffa da lambobi, shi ake ba mai aikowa. Idan sun shigo, ya san ɗan kasuwar da zai karɓa ya ba mu kuɗin sefa a hannu.

Mako uku aka yi ana ja-in-ja, ban taɓa ganin gurup ɗin ya ɗau zafi haka ba, ko lokacin zaɓe. Wani ya tambaya ko halal ne, aka je aka tambayo, aka dawo da amsa biyu. Tsohon ma'aikacin gidan waya ya yi saƙon minti goma sha ɗaya a kan cewa kuɗin da ba a buga masa hatimi ba iska ne. Wani ɗan garinmu da ke karatu a Turai ya ce idan za a yi, a yi da babbar manhajar da ke sauko da tarihin cinikin duniya kaf ta ajiye, wai ita ce mai aminci. Mai shago ya ce masa, "Kai, wannan ai kamar mutum ya zo awon tiya ɗaya ne a ce sai ya ɗauki rumbu. Mutanenmu wayoyinsu tsofaffi ne, rezon waya na zuwa yana ɗaukewa, megan intanet kuma da tsada. Akwai ƙarama marar nauyi, ko wayar da ta sha ƙasa za ta ɗauke ta." Wani ya tambaya ko ana iya haɗa saƙo da aiken, mutum ya rubuta sunansa ko gaisuwa. Mai shago ya ce a'a, wannan ƙaramar ba ta ɗaukar magana, kuɗi kaɗai take kaiwa. Ba wanda ya tsaya a kan wannan, har da ni.

Ni dai ina ɓangaren masu ƙi, kuma ba na ƙi a hankali. Na ce wannan wasan samari ne, na ce gobe idan abin ya ɓace kowa zai ce ba shi ba ne. Ana cikin haka sai wata lamba ta Aljeriya, ba hoto ba suna, wadda ban taɓa ganin ta yi magana ba, ta rubuto layi biyu: "Don Allah a zaɓi mai sauƙin. Akwai masu son su ba da, ba su da hanyar zuwa gishe."

Ina cikin hutun ƙarfe goma a lakwal lokacin da na karanta, alli a hannuna. Ko numfashi ban ja ba na amsa: "Wanda ba zai iya sa sunansa ba, ba shi da bakin magana a cikin 'yan gari." Wasu suka sa alamar dariya. Washegari lambar ta fice daga gurup, ni kuwa na ji daɗi, a ganina na kori ɗan leƙen asiri.

Ƙarshe dai aka kada mu, aka zaɓi ƙaramar lalitar. Abin dariya kuma, ni aka ɗora wa riƙonta, wai ni ne mushe, kamar yadda ake kiran malamin lakwal a nan, kuma wanda ya fi kowa zargi shi zai fi kowa tsaro. Mai shago ya sa ta a wayata, ya rubuta mini wasu kalmomi goma sha biyu a takarda, ya ce su ne makullin, idan suka ɓata komai ya ɓata, idan wani ya gani komai ya tafi. Na naɗe takardar na sa cikin gwangwanin da nake ajiye takardun shaidar karatuna, ina ta mita.

Gudummawa ta fara shigowa. Da yake lalitar ba ta faɗin suna, kowa idan ya aiko sai ya biyo da saƙo a gurup: "Mushe, ka duba, nawa ne wannan." Mutanenmu ba sa son alherinsu ya tafi ba shaida, kuma ban ga laifinsu ba. Duk aka samu mai kowane aike, sai guda ɗaya. Wannan ya shigo ranar Alhamis da hantsi, aike mai kauri, ba wanda ya ce nasa ne. Bayan ɗan lokaci kaɗan sai ga wani daga adires ɗin nan dai, ɗan mitsitsi. Na kai wa mai shago ya duba, ya yi ta dariya har da buga tebur.

"Wannan bai iya abin ba," in ji shi. "Kowane aike akwai ladan hanya da ake cirewa. Wannan na biyun, ladansa ya kusa cinye shi. Da ya haɗa su wuri ɗaya ai da ya huta. Ko hannunsa ne ya zame?"

Na taya shi dariya. Wallahi ko kaɗan raina bai ba ni komai ba, ni da nake ganin na fi kowa kai.

Aka sayi inji, aka ɗaura, ruwa ya dawo. Ranar Asabar na je Hamdara, na tarar Inna a ƙofar ɗakinta tana ɓarar gyaɗa da lalube. Ita a wurinta godiya da ƙafa ake yin ta. Ko kunu aka aiko mata, sai ta ɗauki sandarta ta taka har gidan. Saboda haka ta ce in karanto mata duk waɗanda suka ba da, tunda su suna nesa, za ta bi gidajen iyayensu ɗaya bayan ɗaya. Ina karantawa tana cewa, "Wannan ɗan wance ne, Allah ya yi masa albarka." Da na gama na ce saura mutum ɗaya da ya ɓoye kansa, na ba ta labarin aike biyun don in sa ta dariya, har ina kwaikwayon mai shago.

Hannunta ya tsaya a cikin ƙwarya.

"Maimaita," ta ce.

Na maimaita: babba ya shigo, aka ɗan jima, ƙarami ya biyo.

"Wace rana?"

"Alhamis."

Ta ajiye ƙwaryar a hankali, ta goge hannu a zaninta. "Kai da karatunka," ta ce. "Hannunsa bai zame ba. Gyara ce."

Nan take layi biyun nan na lambar Aljeriya suka dawo mini, da amsar da na ba su. Sau biyu ke nan Yaya yana miƙo kai, sau biyu ina rufe masa ƙofa da bakina. Ban san lokacin da na fara gaya wa Inna komai ba, na bayan rumbu da na gurup, ina magana ina kuka, ni mai 'ya'ya huɗu. Ta bar ni na gama.

"Na bayan rumbu na ji shi tun ranar," ta ce. "Rumbun nan taku nawa ne daga ɗakina? Jira nake ka faɗa da kanka. Share fuskarka, ka nemo mini shi."

Na koma can sama cikin gurup na tono lambar, na kira, a kashe. Na nemi wanda ya shigar da ita, wani ɗan garinmu mai aikin gini a Tamanraset. Ya yi ta kewaye-kewaye, da na matsa ya ce, "Mushe, na yi alkawarin ba zan faɗa ba, kuma ban faɗa ba. Amma mutumin, bayan na ba shi adires ɗin lalitar, ya bar nan, ya ƙara gaba, layin ma ya bar shi. Lafiyarsa ƙalau lokacin da muka rabu, sai dai furfura." Furfura. Ni har lokacin da baƙin gashi nake ganinsa, da hannunsa ta tagar mota.

Na kai wa Inna wannan, ina tsammanin zai ishe ta. Bai ishe ta ba. Ta ce ita tun da take ba ta taɓa mayar da kwanon mutum wayam ba, ko ƙwayar gyaɗa ce sai ta sa a ciki. Ta tambaya, "Wannan wurin da abin ya fito, ana iya mayar da wani abu can?" Na kira mai shago a gabanta. Ya ce ana iyawa, sai dai ba tabbas adires ɗin nasa ne, wataƙila na wani mai kanti ne da ya aika a madadinsa. Inna ta ce mai kanti ba zai yi gyara da kuɗin wani ba.

Na ce to ta bari idan na koma Zinder zan aika. Ta ce ban ji ta ba ne, godiya da ƙafa ake yi. Ranar Alhamis ta sa zaninta na fita unguwa, ta hau motar kasuwa, motar da rabonta da ita tun Baba na da rai. Na tare ta a tasha na riƙo hannunta har shagon. Ta kwance bakin zani ta fito da 'yan silallan da ta tara na ƙuli-ƙuli, ta zube wa mai shago a tebur. Ya buɗe baki zai yi maganar ladan hanya, na harare shi ya haɗiye. Ya shirya komai a wayata, ya nuna mata inda za ta danna. Kafin ta danna sai ta ɗauki wayar da hannu biyu, ta kai ta bakinta, ta ɗaga murya yadda take yi da can ranar Juma'a.

"Ni ce. Na ga saƙo, ruwa ya dawo. Allah ya yi maka albarka, ya tsare gabanka da bayanka. Ƙaninka ga shi nan, ya yi kuka. Ka ci abinci."

Mai shago ya matso zai ce mata abin ba ya ɗaukar murya. Na taka masa ƙafa da ƙarfi. Ta sa babban yatsanta ta danna, ta tambaya ko ya tafi, muka ce ya tafi. Ta ce a kai ta ta sayi gishiri kafin mota ta cika.

Wani abu game da wannan lalita shi ne, kana iya leƙa kowane adires ka ga ko an taɓa abin da ke ciki. Mai shago ya koya mini, ya kuma yi nadama, don na mayar da shagonsa wurin zamana. Inna kuma kullum da safe sai ta sa jikar maƙwabciyarta ta kira ni, tambayarta ta canza, ta daina cewa "Ba labari?" ta koma "Ya ɗauka?" Kwana goma sha ɗaya ina cewa tukuna. A na sha biyu, ina tsaye a bakin allo, na ji wayar ta yi motsi a aljihu. Na daure har aka tashi. Da na duba, an ɗauke 'yan silallan Inna, kuma ga aike ya shigo daga adires ɗin. Ina riƙe da wayar a hannuna ƙaramin ya biyo baya.

Na hau kabu-kabu zuwa tasha ko gida ban biya ba. Da na isa Hamdara na gaya wa Inna, ba ta yi guɗa ba, ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Ya ji." Sai ta tashi ta shiga ɗaki, ta daɗe ba ta fito ba.

Daga nan abin ya zama al'ada. 'Yan gurup suka ce duk abin da ya fito daga wannan adires na Inna ne, ba na famfo ba. Duk tsayuwar wata sai ta aiko mini da 'yan silallanta ta hannun direban motar kasuwa, a ƙulle a tsumma, in aika. Bayan kwanaki, wani lokaci uku, wani lokaci har mako biyu, sai amsa ta zo, babba da ƙarami. Ba kalma ko ɗaya, daga can ko daga nan. Na sha zama ina kallon dogon layin haruffan nan har na haddace shi, ina tunanin wane gari yake, wane irin ɗaki, ko yana da bargo, ko ya yi aure, ko haƙorinsa na gaba da ya gutsire yana nan yadda yake. Ina kewarsa fiye da lokacin da ban san ko yana raye ba. Lambata ba ta canza ba tun ranar sadakar uku, ya san ta, bai kira ba. Ni na ce ya riƙe kiransa, Yaya kuwa bai taɓa karya maganar da ya ce wa "to" ba.

Damina ta wuce, aka yi kaka, aka shiga rani. Inna ta rasu ana saura kwanaki a yi shuka, bayan zazzaɓin kwana huɗu. Na sanar a gurup, aka yi ta ta'aziyya daga ƙasashe, amma shi ba ya ciki, na Tamanraset kuma ya ce bai san inda zai same shi ba. Da wata ya tsaya, na zauna a zauren gidana da wayar a hannu bayan la'asar. Idan na aika, na yi masa ƙarya, zai ɗauka Inna na nan tana ƙulla silalla a tsumma. Idan ban aika ba, wataƙila ya gane, wataƙila kuma ya ɗauka an sake rufe masa ƙofa. Na so a ce akwai wurin rubuta ko kalma uku ce. Na tuna ranar da aka yi wannan tambaya a gurup, na wuce ta ina neman wanda zan yi wa gatse. Ban aika ba.

Mako biyu shiru. A na uku, ranar Alhamis da hantsi, aike ya shigo. Na ajiye wayar a kan tebur ina jiran na biyun. Aka tashi daga lakwal ina jira, na ci abinci wayar na gefen kwano, aka kira la'asar, aka kira magariba. Ƙaramin bai zo ba. A nan na san ya gane. Mutuwar Inna ta dawo mini sabuwa, don a ranar ne mu biyu muka yi zaman makokinta, ni a Kara-Kara, shi a inda ban sani ba. Abin da ya aiko na sa aka yi waina aka raba ranar arba'in, na ce wa mutane daga babban ɗanta ne.

Da wani watan ya tsaya na je shagon abokina da kuɗina, na ce ya shirya mini aike biyu. Ya dube ni, bai yi maganar ladan hanya ba. Na danna na farko. Na bari aka ɗan jima, kamar yadda mutum zai fara ɗaure bakin buhu. Sai na ji bakina ya ce, "Tsaya," a fili, har wani mai sayen kiredin waya ya waiwayo. Na danna na biyun.

Yau wata biyar ke nan. Aiken yana nan a adires ɗin, babba da ƙarami, ba a taɓa ba. Mai shago ya ce wannan ba ya nufin komai, mutum na iya rasa waya, ko ya shiga wurin da ba rezo, ko kuma ya gani ya bar shi don ya riƙa kallo. Na zaɓi na ƙarshen, shi nake gaya wa kaina.

Gurup ya wuce wurin tuni. Yanzu gardamar da ake yi a kan wata sabuwar lalita ce, wai ta fi sauri, har tana ɗaukar saƙo. Sun tambayi ra'ayina, na rubuta amsa mai zafi, na karanta ta sau biyu, na goge. Wayata ta tsufa, fuskarta ta tsage, batirinta ba ya kai azahar. Abokina ya ce in canza, kalmomin nan sha biyu da ke cikin gwangwani za su dawo mini da komai a sabuwa. Na san ya fi ni sani, amma na ƙi. A kan wannan gilashin Inna ta sa yatsa.

Shekara ashirin ina koyarwa, kuma duk wanda ya zauna ajina ya san dokata: ba a fito da waya a cikin aji, har tawa. Bana na karya ta. Ina shiga nake ajiye ta a kan tebur kusa da alli, fuskarta sama, murya a buɗe. Rannan wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce, "Mushe, ka manta ba ka kashe wayarka ba."

Na ce, "Ban manta ba. Wana nake jira."